Turken Baffa

Wan mahaifina ne ya cire ni daga makaranta bayan na gama shekarar farko ta sakandare. Ba talauci ya sa shi ba, ba kuma faɗuwa na yi ba. Ya cire ni ne saboda na iya lissafi. Na faɗa maka wannan tun daga farko don kada ka zauna kana jiran in yi ta kewaye-kewaye. Ni ba mai rubutu ba ne, walda nake yi a bayan kasuwar Gadarif, faifan garmar tarakta nake liƙewa in ya tsage. Karatuna rabi ne, kuma yanzu za ka ji wanda ya raba shi.

Duk shekara idan ruwan farko ya sauka a kan baƙar ƙasar nan, tsagunanta suka fara haɗewa, ƙamshinta ya taso, kowa sai murna. Yara su fita tsirara, mata su kwashe shanya suna dariya, masu tarakta su cika mini rumfa da aiki. Ni kuwa ba na ƙaunar ƙamshin nan. A cikinsa aka ɗora ni a bayan lori.

Gidanmu ɗakunan ciyawa ne cikin dangar kara ɗaya, ɓangaren Baffa a gaba wajen ƙofa, namu a can ƙurya kusa da turken awaki. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, zazzaɓin nan mai kumbura saifa ya ɗauke shi bayan wata kaka da ya yi a daji. Ya bar Inna da ni da ƙanwata. Abin da na fi tunawa na yarinta shi ne hayaƙin kisira, siririyar wainar dawar nan, da asuba, da Inna durƙushe gaban tanda tana shafa ƙullu da ɗan ganyen kaba, idonta na hawaye. A kan kisirar nan da take kaiwa kasuwa aka saya mini alƙalami na farko.

Baffa shi ne waliyyinmu, shi ke magana da yawunmu a ko'ina. Da sojojin nan masu kabbara suka karɓi mulki, sai ya ajiye gemu, ya sayi sanda mai kan azurfa, ya shiga lajanar unguwa, wato kwamitin da ke raba sukari da ba da shaidar zama. Daga nan ba a ƙara gaishe shi a tsaye ba. A masallaci shi ke bin sahu kafin a tayar da salla, yana taɓa ƙafar mutane da kan sandarsa, yana cewa a daidaita, Allah ba ya duban karkataccen sahu. Ka riƙe wannan a ranka.

Gonarmu tana kan hanyar Doka. Kakanmu ne ya sare ta, shi da ya taso daga yamma a ƙafa zai tafi Makka, ƙafar ta tsaya masa a nan. Kafin ya rasu ya raba ta tsakanin 'ya'yansa biyu. Amma wanda bai san ƙasar Gadarif ba ba zai gane wahalar iyaka a cikinta ba. Ka yi kunya, damina ta narkar da ita. Ka jera duwatsu, rani ya zo ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye su. Saboda haka tsohon ya zaɓi abu biyu da ba sa motsi: wata aduwa a kusa da hanya, da wani tsohon ƙarfen ƙafar lori da ya binne a can ƙarshen gonar ya bar kansa a waje. Ya ce iyaka miƙe take daga aduwa zuwa ƙarfe.

To, amma tsakaninsu akwai tudu, a kan tudun kuma kurmin farar ƙaya. In ka tsaya gindin aduwa ba ka hango ƙarfe, in ka tsaya kan ƙarfe ba ka hango aduwa. Don haka kowace shekara kafin ruwa Baffa kan hau tudun ya kafa turke da ƙiyasin idonsa. Mai tarakta ya ja daga aduwa zuwa turke, daga turke zuwa ƙarfe. Haka na taso na gani, ban taɓa tambaya ba.

A sakandare aka haɗa ni da Ustaz mai lissafi. Wani siriri ne daga arewa, wando ɗaya yake da shi, gwiwar wandon kullum fari fat da alli. Da sanyin shekarar, bayan an gama yankan riɗi, ya shigo aji ya ja layi biyu a allo, ɗaya kwance ɗaya tsaye, suka haɗu a kusurwa. Na kwance ya ce sunansa sin, na tsaye sad. Ya ɗiga alli wuri biyu.

Ya ce, "Ɗigo biyu kawai nake roƙo. Ku ba ni biyu, in gaya muku duk inda layin nan zai bi har ya fita daga Sudan."

Ya nuna mana yadda ake yi. Ka duba nawa sad ta hau daga ɗigon farko zuwa na biyu, ka duba nawa sin ta matsa, ka raba na farkon da na biyun. Abin da ya fito shi ne karkatar layin, wadda yake kira mail. In ka sami karkatar, sai ka ɗauki ɗaya daga cikin ɗigon ka gyara da shi, mu'adala ta fito: magana guda gajeriya da ke riƙe da layin gaba ɗaya. Sannan ya faɗi abin da ya hana ni zama lafiya. Ya ce duk ɗigon da ya zo yana da'awar a kan layin yake, kada ka yi gardama da shi, ka saka shi cikin mu'adala. In gaskiya ya faɗa, gefe biyu za su yi daidai. In ƙarya ce, lissafin zai tofar da shi.

Wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba. Ni maraya ne ɗan Hausa, a cikin ajin da wasu ke kwaikwayon Larabcina don a yi dariya. A gida in babba ya ce fari baƙi ne, to baƙi ne. Sai ga wani wuri da girman mutum ba ya aiki, gemu ba ya aiki, sanda ba ta aiki. Na cinye darasin nan kamar mayunwaci. Na zana shi a ƙasar tsakar gida, na zana a jikin tulu da gawayi har Inna ta kai mini duka. Ƙarshen shekara na zo na ɗaya, kamar yadda na zo na ɗaya a jarrabawar da ta shigar da ni makarantar.

Da hutun rani aka aike ni gona tara kara, ni da ƙanwata. Ina zaune gindin aduwa sai na lura da abin da kullum nake gani ban gani ba. Gonar a kusurwa take: hanyar lori ta miƙe ta gabanta, ta gefen Baffa kuma layin wuta ya miƙe, fegin nan da ake karta tsakanin manyan gonaki don kada gobara ta tsallaka. Su biyun sun haɗu kamar layukan Ustaz a allo. Hanya ce sin, layin wuta ne sad. Ga ɗigo biyu da kakana ya bari.

Ba Baffa nake nema ba, Allah ya sani. So nake in ga ko abin allo yana aiki a ƙasa. Na ari doguwar igiyar da ake auna wa 'yan ƙwadago aikin noma, ƙanwata ta riƙe baki ɗaya tana mita, rana na dukanmu, ƙasa ta tsattsage har ƙafa na faɗawa. Aduwa ta ba ni igiya biyu daga layin wuta, uku daga hanya. Ƙarfe ya ba ni shida daga layin wuta, goma sha ɗaya daga hanya. Sad ta hau takwas, sin ta matsa huɗu, karkata biyu ke nan. Na gwada da aduwa: biyu sau biyu huɗu, ni kuwa uku nake nema, sai a cire ɗaya. Sad daidai take da sin sau biyu a cire ɗaya. Na gwada da ƙarfe, ya zauna daram. Na yi ihu a dajin nan ni kaɗai, ƙanwata ta ce ko kunama ce.

Sai na hau tudu wurin turken bara. Daga hanya igiya bakwai yake. In sad bakwai ce, dole sin ta zama huɗu. Na auna daga layin wuta, na sami biyar. Na sake, biyar. Na zagi ƙanwata na ce ita ke sakin igiya, muka sake, biyar. Turken ya shigo cikin gonarmu da igiya guda cur. Iyakar da kakana ya ce miƙe take ta yi ciki kamar akuya mai juna biyu, kuma cikin a wajenmu ya kwanta.

Ka tuna shekaruna. Ni a zatona babu wanda ya sani. A zatona idon Baffa ne ya yaudare shi saboda ƙayar nan, kuma in na nuna masa zai yi murna, ya ce ɗan ƙanena ya yi karatu.

Na same shi bayan la'asar a rumfar ƙofar gida, dattawan unguwa kewaye da shi ana maganar hayar tarakta, ana shan shayi da sukarin lajana. Na gaishe su, na durƙusa, na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke na zana musu komai. Ga hanya, ga layin wuta, ga aduwa, ga ƙarfe. Na yi bayani da zumuɗi har ina haɗiyar kalmomi. Da na kai kan turke na ce, "Baffa, ka ga, nan ya kamata ya tsaya. Ya shiga wajenmu da igiya ɗaya."

Wani tsoho ya tsura wa kofinsa ido kamar yau ya fara ganin shayi. Wani ya tuna bai ɗaure jakinsa ba. Baffa ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya sa kan sandarsa ya bi layin a hankali daga aduwa zuwa ƙarfe, ya yi murmushi.

Ya ce, "Ma sha Allah. Ashe boko na da amfani. Tashi ka je, ɗana."

Na shiga gida ina tafiya kamar hakimi. Labari ya riga ni isa. Inna na tsaye bakin ɗaki da muciya a hannu, ba ta buge ni ba, da ma ta buge ni. Ta ja ni ciki ta sauke murya.

Ta ce, "Kai a ganinka makafi ne mu? Tun shekarar da ubanka ya rasu turken nan ke tafiya. Na sani, dattawan nan duk sun sani. Na bar masa ne don ya bar mini kai."

Ban gane ba a lokacin. Sai daga baya na gane cewa a wurinmu haka abin yake tafiya: waliyyi ya ɗan lasa daga gefen gonar marayu, kowa ya kau da kai, shi kuma ya sa hannu a takardar makaranta, ya tsaya maka a gaban hukuma in an tambayi asalinka. Ba a faɗa, ba a rubutawa. Wannan igiya guda ita ce kuɗin zamana a aji, Inna ke biya da dawar da ba ta taɓa shiga rumbunmu ba. Wasu za su ce to ai ni na jawo. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba har in mutu. Yaro ya auna gonar ubansa ya faɗi abin da ya samu. In akwai abin kunya a rumfar nan, ba a bakina yake ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa ya ɗebi dattawa a bayan motar wani ɗan lajana har gona. Ya sa na nuna wurin. Da hannunsa ya tumɓuke turken ya mayar inda lissafi ya ce. Ya ɗaga murya ya ce ido na kuskure, Allah ya tsare mu da cin haƙƙin maraya ko da na taƙi ɗaya ne. Aka yi kabbara. Ya dafa kaina a gaban kowa. Sati guda ana ba da labarin adalcinsa a unguwa.

Sai ruwa ya sauka, aka buɗe makarantu. A zamanin kayan 'yan sakandare masu zanen soja ne, na wanke nawa, Inna ta goge su da dutsen guga na gawayi, na rataye a jikin danga. Da safe ina ɗaura takalmi sai na ji lori ya tsaya a ƙofar gida. Baffa ya leƙo, carbi a hannu.

Ya ce, "Cire waɗannan. Wakilin wani mashru'i a bayan Doka yana neman yaro mai idon miƙa layi. Na ce masa ina da shi a gida."

Inna ta fito ta durƙusa, ta kira shi Yaya, ta haɗa shi da Allah da kabarin ƙanensa. Ya ce gida ba ya ɗaukar ciyar da ƙato yana zaune kan benci, yanzu da gonarsa ta ragu. Haka ya faɗa, gonarsa ta ragu.

Bari in gaya maka aikin da ya samo mini. Mashru'i gona ce da ba ka ganin ƙarshenta, babu itace, babu tudu, babu abin da direban tarakta zai sa wa ido ya miƙe. Don haka ake tsayar da yaro a can nesa da doguwar gora mai jan tsumma a kai. Direba ya auna shi ya taho. In ya kusa, yaron ya matsa gefe daidai faɗin garma, ya sake tsayawa. Sunan aikin alama. Daga fitowar rana har faɗuwarta ina tsaye cikin laka mai cire takalmi, sauro na cin wuyana, ban da ikon in zauna don kada layi ya karkace a zage ni. Ni da aka koya wa fitar da layi daga ɗigo biyu, sai aka mai da ni ɗigon. Kada ka ce mini dacewa ce. Mutumin nan ya zauna ya yi tunani kafin ya zaɓa mini wannan.

Makonnin farko ina yin lissafi a ka, ina ba kaina ɗigo biyu ina fitar da mu'adala don kada in manta. Daga baya yunwa da gajiya suka cinye wannan ma. Ƙanwata ta gaya mini Ustaz ya zo gida sau ɗaya nemana. Baffa ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo shayi, ya ce masa maganar cikin gida ce. Ustaz ya tashi ya bar shayin bai taɓa ba. Mutumin da ke da wando ɗaya ba ya ja da ɗan lajana.

Daga alama na zama yaron direba, daga nan na koyi ɗaure ƙusa, daga nan walda. 'Ya'yan Baffa kuwa duk sun yi karatu, lokacin da aka buɗe jami'o'i a kowane gari. Babban, wanda a da nake yi wa aikin makaranta yana ba ni rabin gyaɗarsa, yanzu yana ofis mai sanyi a kasuwar amfanin gona. Inna ta rasu ba ta daina cewa in yi haƙuri ba. Kowace Salla nakan je in durƙusa gaban Baffa, ya ce a yafi juna don Allah da Manzo, in ce an yafe, a baki kawai.

Yau komai ya canja. An sare aduwar an yi gawayi. Yaran yanzu da waya suke auna gona, su tsaya a kusurwa su danna, lamba ta fito. Ba a tsayar da yaro da gora kamar da. Amma iyakar nan tana nan miƙe, ba wanda ya ƙara taɓa ta, ƙanwata ke noma wajenmu da 'ya'yanta. Dawa ce mai kyau ke fita a kan tudun. Ni ban taɓa iya cin tuwonta da daɗi ba.

A daminar da ta wuce, lokacin da ake kwana a layin burodi, raksha, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku, ta tsaya gaban rumfata da hantsi. Baffa ne, ya tsufa ya rankwafe, gemun ya yi fari, sandar ce dai ba ta canja ba. Yana riƙe da hannun jikansa, ɗan babban nan, yaro mai kunya da littafi a hammata. Na kashe injin, na ba shi kujera.

Ya ce, "Ɗana, yaron nan lissafi ya gagare shi, jarrabawa ta matso, ubansa ba shi da lokaci. Na ce masa ai muna da gwani a gida. Kai da ka auna mana gona tun kana ƙarami."

Yana faɗa yana dariya, kamar wani abin daɗi ne muka yi tare. Na karɓi littafin na buɗe inda yaron ya naɗe. Ɗigo biyu ne, a nemo mu'adalar layin da ya bi ta kansu.

Na ɗauki allin da nake zana ƙarfe da shi, na jawo wani faifan garma, na ja sin na ja sad. Ashe mu'adalar ba ta tafi ba, tana nan inda na bar ta. Na nuna wa yaron nawa aka hau, nawa aka matsa, yadda ake rabawa. Na ba shi wani ya yi da kansa. Ya yi kuskure, ya goge da yawu, ya sake, ya samu. Na ga fuskarsa ta buɗe, na san abin da yake ji, don na taɓa jin sa. Na ce ya je wurin mai shayi ya jira kakansa, gobe ma ya dawo.

Baffa ya dogara sanda zai miƙe, yana sa mini albarka, yana cewa ai zumunci ke nan, abin da ya wuce ya wuce, a yafi juna. Na ce ya zauna. Ban taɓa ce masa ya zauna ba tunda aka haife ni. Ya zauna.

Na ce, "Baffa, yaron nan zan koya masa har ya ci jarrabawa, ba shi ya yi mini ba. Amma ka saurara. Na zo na ɗaya da zan shiga sakandare, na zo na ɗaya da na gama shekarar farko. Ɗigo biyu ke nan, kuma ko jikanka yanzu ya san biyu sun isa a gane inda layi ya dosa. Kai ma ka gane, shi ya sa ka kira lori. Igiya ɗaya ka ci a gona, ka mayar a gaban mutane aka yi maka kabbara. Abin da ka ci a jikina ba ka mayar ba, ba kuma wanda ya gani sai Inna, ita kuwa tana ƙasa. Duk Sallar da na ce maka an yafe, ƙarya na yi don kunyar furfurarka. Yau ba Salla ba ce. Ban yafe ba, Baffa. Ka je da shi, can za a auna."